Bindigar Roba Ko Ta Ƙarfe: Ina Makomar Masana'antar Kakuri?

Duk wanda ya zauna da 'yan mazan jiya a Hayin Banki, kusa da barikin soja na Kawo, ya san ba su ɗauki bindigar roba a bakin kome ba. Su Browning suka sani, ƙaramar bindigar nan ta ƙarfe mai mariƙin katako, wadda aka fara ƙerawa a Beljiyam cikin 1935, mai cin harsashi 13. Hujjarsu ita ce nauyinta yakan danne hannu in an harba.

To, amma tun 1982 da Gaston Glock, mutumin Ostiriya, ya fito da tasa mai gangar jikin roba, lissafi ya sake. Tana cin harsashi 17, ba ta kai waccan nauyi ba, robar kuwa ba ruwanta da tsatsa, abin da mai tsaron dare da damina zai fi kowa ganewa. Hatta sojojin Ingila, waɗanda muka gaji tsarinsu, sun ajiye Browning cikin 2013, suka ɗauki Glock.

Inda gizo ke saƙa shi ne masana'antar makamai ta DICON da ke Kakuri, wadda aka kafa cikin 1964 bisa aikin ƙarfe, har ta ƙera Browning ɗin. Muddin hafsoshi suka karkata ga roba, ita kuwa ba ta sake injuna ba, kuɗin ƙasa za a riƙa kwasa ana sayowa daga waje. Dokar 2023 ta ba ta ikon haɗa guiwa da kamfanoni, saura Ma'aikatar Tsaro ta faɗi irin bindigar da take bukata.