Hayar gona a Gabi: takin da aka zuba, na wane ne?

Tun da ƴan bindiga suka fara tayar da mutanen ƙauyukanmu na bakin iyaka, masu neman gonar haya sun ƙaru a ƙaramar hukumar Gabi. Wanda ya baro gonarsa a gefen dajin Baban Rafi dole ya nemi inda zai shuka ko tiya guda ta hatsi. In masu nema suka yi yawa kuwa, mai gona ne ke da ta cewa.

Rigimar da muka fi ji ita ce wannan: mutum ya karɓi gonar da ta gaji, ya yi ta kai takin gida, amalanke bayan amalanke, damina ta yi kyau. Da bazara sai mai gona ya ce ɗansa zai dawo daga Legas, ko dai a ƙara kuɗi. Alhali kowane manomi ya san takin gida ba damina ɗaya yake aiki ba. To, wa ya ci gumin wa?

Mu a ganinmu, tushen abin shi ne cinikin baka. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Na ƙauye, wato Kofob, maigari ne shugabansa, kuma yana ba da takardar haya, ta aro, da ta jingina. Uku ɗin nan ba ɗaya ba ne. Haya tana da wa'adi, aro ba kuɗi, jingina kuwa gona ba ta komawa sai an maido kuɗin. Ranar da mai gona ya rasu, magada su ce aro ne, mai noma ya ce jingina ce, shaidu kuma wasu sun mutu, wasu sun yi ƙaura. Sai sulhu wajen sarki, in ya ƙi, sai kotu.

Masu gona ma suna da nasu tsoro, wai in aka rubuta, ɗan haya zai riƙe gonar. Ai takardar ce ma ke shaida cewa gonar tasu ce. Ku ƴan uwa da ke Abijan, Kano ko Libiya, da kuka bar gona hannun ƙane, kun san wa ke noma ta bana, kuma da wane sharaɗi?

In za a rubuta, a sa yawan damina, da kuɗin, da cewa ba a tada mutum kafin girbi. A faɗi kuma mai ɗaukar kara da harawa, don nan ma ana ɓatawa.