"Pass Out": Gama Karatu Ko Suma?

Jama'a, ina so in yi magana a kan waɗansu kalmomi biyu na Turanci waɗanda ba su rabuwa da bakinmu a wannan koleji, watau "pass out". Duk wanda ka tambaya cikin 'yan ajin ƙarshe, sai ya ce bana zai yi "pass out", nufinsa zai gama karatu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sa'ad da aka tura mu koyon aikin malanta, ran nan da hantsi wani yaro ya faɗi a fili saboda zafin rana. Aka sheƙo ofis aka ce mana, "A boy has passed out." Sai na ji abokina ya ce, "Madalla!" Tsammaninsa yaron ya gama makaranta ne. Da shi kaɗai ya ke wurin, wa zai kai ruwa?

To, ga yadda abin ya ke. A bakin yawancin Turawa, ma'anar "pass out" ita ce suma. Ta biyu ita ce gama horo a makarantar soja ko ta 'yan sanda, kamar ta Sandhurst a Ingila, inda a kan yi faretin sallama. Mu ma 'yan bautar ƙasa, wadda aka soma a 1973, da irin wannan fareti a ke sallamarsu. Ta uku ita ce rarraba abu, kamar malami ya rarraba takardun jarrabawa.

A ganina laifin na koyarwarmu ne. Mu kan fassara "pass" dabam, "out" dabam, alhali in sun haɗu sun zama abu guda. Ku dubi "ci" a Hausa. Cin tuwo dabam, cin amana dabam, cin jarrabawa dabam. Baƙon da ya san cin tuwo kaɗai, ina zai gane sauran?

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana, in mun kama aiki, mu riƙa koya wa yara irin waɗannan kalmomi a haɗe, kowace ma'ana da jimlarta. In kuwa za mu rubuta takardar neman aiki, mu sa "graduated", kada wani ya karanta ya ce mun suma a koleji.

Haza wasalam.