Raddi ga Mai Cewa Admiral Shi Ne Amirul Bahri

Wani malami a unguwar Abattoir ta nan Jos, wanda ba mu shakkar zurfinsa a Nahawu, ya rubuta cewa muƙamin Admiral na manyan sojan ruwa, Turawa sun kwaso shi ne ɗungurungum daga Amirul Bahri na daulolin Musulunci, kuma wai Sarkin Ruwa namu takwaransa ne. Allah ya gafarta malam, da'awar da daɗin ji, sai dai tarihi bai goya mata baya ba.

Mun sallama masa cewa tushen laƙabin amir ne. A kan bahri saɓaninmu yake, domin sa'ad da Normandawa suka ƙwace Palermo ta tsibirin Siƙiliyya daga hannun Musulmi a 1072, sun tarar da sarautar amir, suka riƙe ta, ta koma amiratus a bakinsu, aikinta kuwa mulkin birni ne da sha'anin baitulmali, babu ruwanta da teku. Wanda ya jingina ta ga jirage shi ne Jurji na Antakiya, Kirista mai jin Larabci, wanda ya yi wa sarakunan Mahdiyya hidima kafin ya sauya sheƙa zuwa fadar Roger na Biyu na Siƙiliyya, inda aka naɗa shi amirin amirai wajen 1132, ya ja rundunar jirage ya ci Mahdiyyar nan a 1148; har gobe a Palermo akwai coci da gada masu ɗauke da sunan muƙaminsa. Bayansa ne Faransa ta naɗa nata Admiral ɗin a 1270, Ingila a 1297.

Na biyu, ba mu musun cewa Musulmi sun yi jiragen yaƙi tun zamanin Mu'awiya da yaƙin Zatus Sawari; amma Ibn Khaldun, da ya zo bayanin shugaban jiragen Magrib a Muƙaddima, cewa ya yi daga harshen Faranjawa aka aro laƙabinsa. Ina Amirul Bahrin ya shiga?

Batun Sarkin Ruwa kuwa, mu mutanen tsauni, da ruwanmu bai wuce kududdufan haƙar kuza ba, ya kamata mu yi taka-tsantsan: na Argungu, aikinsa buɗe kogin Matan Fada ga masunta da sanin kifi da kada, ba jan daga ba. Da a ce Hikoi ne malam ya ambata, shugaban jiragen Songhai, irin waɗanda Sunni Ali ya kewaye Jenne da su, da ƙiyasinsa ya inganta.