Gidan Haya Da Asusun Fansho

Wannan makon wata uwargida ce daga Rikoto ta aiko da tambaya. Ta ce da kuɗin adashi da na kiwo ta gina ɗakuna huɗu ta zuba 'yan haya, tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020 kuwa ɗakunan ba su rasa mutum. To, ta ji ana zancen fansho na masu sana'ar kansu, shi ne take so ta sani ko za ta iya ɗaukar gidan ɗungum ta sa cikin asusun, ya zama shi ne tanadin tsufanta.

Uwargida, a ƙasarmu ba a yin haka. A Ostareliya akwai asusun da mutum ke gudanarwa da kansa, yana iya mai da shagonsa ciki. Amma ko can ba a karɓar gidan kwana daga hannun mai asusun. Mu nan, tun dokar 2004 wadda aka sake a 2014, asusun fansho kuɗi kaɗai yake karɓa, kamfanin fansho kuma shi ke juya su, Hukumar PenCom tana sa ido. A 2019 aka buɗe ƙofa ga masu ɗinki da ƙosai da sauransu, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa. Wadda ke gudun kuɗin ruwa kuwa, tun 2021 akwai sashen da babu ruwa a cikinsa.

Watau in gidan zai shiga, sai an sayar da shi tukuna. Ni kam ban ba ki wannan shawara ba. Kuɗin haya yana bin tsadar kasuwa, in kwanon dawa ya tashi ke ma ki ɗan ƙara, ga kuma wurin sa haƙarƙari in ta ɓaci. Amma fa gida ma yana da cinsa: kwano ya yi yoyo, katanga ta zube da damina, ɗan haya ya gudu da kuɗin wata uku. Saboda haka ki riƙe gidanki, duk sa'ad da haya ta shigo ki ware kuɗin ɗaki guda ki kai asusun. In ya so sauran ukun su ji da gyara da cefane.

Abin da ya fi damuna ma dabam ne. Ba ki faɗa mini sunan wa ke kan takardar filin ba. Mata da yawa, don kunya, sai su bari a rubuta sunan maigida ko na wa. Ran da ta Allah ta kasance, sai gidan ya faɗa cikin gado, a raba har da waɗanda ba su sa ko bulo ɗaya ba. Ki nemi maigida da lalama, ku tafi ofishin filaye tare da shaidu a rubuta sunanki. 'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan, ku kuma duba musu takardunsu da kyau.