Ba Littafi Ne Ya Koya wa 'Yan Wan-Cans Sata Ba

Har yanzu raina a ɓace yake kan maganar da wani dattijon malamin adabi ya yi a zaman marubuta nan Abuja makon jiya, wai littattafan fashi da kisa da binciken 'yan sanda ba adabi ba ne, koyar da ɓarna kawai suke yi, a nisanta yara da su. Aka tafa masa. Tafin ya fi maganar ciwo, domin ya nuna ra'ayin ba nasa ne shi kaɗai ba. Abin da iyaye da shugabannin makarantu da masu tace littattafai suka daɗe suna nanatawa ke nan.

To, a zo a tsaya a Berger ko Area 1 da magariba. A dubi ma'aikaciyar da ta taso daga ofis tana neman motar Kubwa ko Nyanya. Kafin ta sa ƙafa sai ta leƙa fuskokin mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa mabuɗin ƙofa ta ji ko yana aiki, ta ɗauki hoton lambar motar ta tura wa mijinta. Wane littafi 'yan wan-cans ɗin da take tsoro, masu fashi da motar haya, suka karanta? Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, da waɗanda suka fasa gidan yarin Kuje a Yulin shekarar, daga wane ƙagaggen labari suka samo dabara? An bar jaki ana dukan taiki.

Jarida takan faɗi mutum nawa aka sace, gobe ta wuce wani labarin. Marubucin labarin laifi shi ke tsayawa ya tambaya: wa ya sayar da bindigar, wa ya karɓi na goro a shingen hanya, wane Alhaji ne ke zaune a sahun gaba a masallaci alhali yaransa na daji? Wannan tambayar ce masu kukan tarbiyya ba sa so a yi.

Kuma abin takaici, malamin adabi ne ke wannan magana, shi da ya san da labarin laifi aka aza harsashin ƙagaggun labaran Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da suka biyo bayan gasar rubutun Hausa ta 1933, mene ne in ba labarin ramuwar gayya da sata da kisan kai ba? Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi yaron ƙauye har birni, ya nuna yadda ake zama ɓarawo sannu a hankali. A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya, ya tone yadda fasa-ƙwauri ke tafiya da haɗin bakin masu kuɗi da ma'aikata. Duk wanda ya san iyakar Jibiya ko Illela ya san littafin bai tsufa ba. A shekarar dai Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, labarin Mailoma da gungunsa a Nijeriyar bayan yaƙin basasa, inda makami da ƙwaya da rashin imani suka haɗu. A ganina babu littafin Hausa da ya hango halin da dazuzzukan Zamfara da Katsina suke ciki yau kamarsa. Gwamnatin Tarayya ce ta shirya gasar da ta haifar da waɗannan biyun. Fiye da shekara arba'in da suka wuce hukuma ta fi mu hankali a kan wannan batu.

Masu rubutu da Turanci kuwa sun yi gaba abinsu. Kamfanin Cassava Republic da ke nan Abuja ya buga Easy Motion Tourist na Leye Adenle a 2016, labarin masu cinikin sassan jikin mutane a Legas da matan titi da babu mai neman jininsu in an kashe su. Lightseekers na Femi Kayode ya ɗauko daga kisan ɗaliban nan na Aluu a 2012, ya bi diddigin yadda taron jama'a ke rikiɗa ya zama makashi. Mu da ake ƙona mutum a kasuwa kan ihun "ɓarawo" mun fi kowa bukatar karanta shi. Abubakar Adam Ibrahim ma, a Season of Crimson Blossoms, ya ba mu Reza, dillalin wiwi a gefen Abuja wanda ɗan siyasa ke amfani da shi. Littafin ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016. Da da Hausa ya rubuta shi, na tabbata da tuni an nemi a hana sayar da shi.

Za a ce ai wasu cike suke da jini da shirme. To sai me? Littattafan addu'o'in da ake tallarsu a tasha duka ne ingantattu?

Ni na san inda wannan ƙiyayya ta samo asali. Ita ce dai ta shekarun 1990, lokacin da aka laƙaba wa rubutun matasanmu sunan Adabin Kasuwar Kano don a wulaƙanta shi, sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka tsaya kai da fata wajen kare shi. Ita ce ta kai ga 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, da aka tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta da sunan shirin A Daidaita Sahu. Jiya soyayya ce laifin, yau labarin ɓarayi. Irin su Nazir Adam Salih da Bala Anas Babinlata sun riƙe dubban matasa a kan karatun Hausa, abin da manhajar makaranta ta kasa, amma sunansu bai cika fitowa daga bakin irin wannan malamin ba.

Na zaga shagunan littattafai a Wuse da Garki ina neman Ƙarshen Alewa Ƙasa in saya wa ɗan yayana. Agatha Christie tana nan jere, na Bature Gagare ko ɗaya babu, mai shago ma bai taɓa jin sunan ba. Ginin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da aka ba da kwangilarsa tun 2006 ya shafe shekaru a tsakiyar birnin nan ba a gama ba. A kan wannan ya kamata malamin ya ɗaga murya. Ya tara abokansa su nemi a sake buga littattafan 1982, a sa su a hannun 'yan sakandare.