KAZA ƊAYA TA ISA GIDA, IN AN SAN RABO



Da wuya ka shiga gida a ƙauye ba ka iske kaji suna tono a tsakar gida ba. Amma ka tambayi yaran gidan, yaushe rabonsu da cin naman kaza? Sai su ce tun Salla, ko kuwa tun ran da baƙo ya sauka. Ko a ranar ma, mai gida da baƙonsa su ke cinye cinya da ƙirji da ƙundu, a bar wa yara kai da ƙafafu su yi ta tsotsa. Mu a ganinmu wannan rabo kuskure ne babba, ya kamata a gyara shi. Girmama baƙo abu ne mai kyau, ba wanda ya ce a bari. Amma jikin baƙo ya riga ya ginu, na yaro kuwa yanzu ya ke ginuwa.

ABIN DA YA SA MU KE WANNAN MAGANA

Tuwo da kunu da fura suna cika ciki, suna ba da ƙarfin aiki. Amma jikin yaro yana bukatar wani irin abinci kuma, watau abinci mai gina jiki, kamar nama, da ƙwai, da kifi, da nono, da wake, da gyaɗa. Yaron da aka yaye aka bar shi da kunu tsura, sai ka ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya bar wasa, ya zama mai yawan kuka. A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana wannan ciwo ga yaran ƙasar da a ke kira Gana yanzu, daga baya ta sa masa sunan da mutanen Ga su ke kiransa da shi, watau kwashiyoko. Ba maita ce ke kawo shi ba, ba kuwa iska ba. Rashin abincin kirki ne.

Kada a ce wannan labarin da ne. Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin kowane yara 100 da ba su kai shekara biyar ba, 37 sun tsumbure, ba su kai tsawon da ya kamata ga shekarunsu ba. A jihohin Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Alhali wani sashe na maganin yana nan yana yawo a tsakar gidanmu.

KAFIN A ƊORA TUKUNYA

Da fari a zaɓi kaza mai lafiya. Akwai wata mummunar al'ada, in mutum ya ga kazarsa ta yi lagwas, tana gyangyaɗi, sai ya yi maza ya yanka wai don kada ya yi asara. Kada ku yi haka. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, ta kuwa sake dawowa a shekarun da su ka biyo baya. Tana iya kama mutum wurin yanka da figa. In kaji sun fara mutuwa bi da bi, a binne su a rami mai zurfi, a hana yara taɓa su, a sanar da malamin dabbobi.

Sa'an nan ku sani, ko lafiyayyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanjinta, waɗanda ido ba ya gani. Su ke kawo zawo da amai da ciwon ciki. Saboda haka, uwargida, ki fitar da kayan ciki a hankali, kada hanji ya fashe a kan nama. Ki wanke naman a kwano dabam, nesa da sauran abinci, ki zubar da ruwan inda yara ba su wasa. Wuƙa da faifai ko katakon da ki ka yi aiki da su, ki wanke da sabulu kafin su taɓa tumatir ko albasa. Hannunki ma haka, tun ba ma in za ki ɗauki goyo ba.

A DAFA TUKUNA, SA'AN NAN A SOYA

Waɗansu su kan jefa ɗanyen nama cikin mai kai tsaye. Wannan ɓarna ce iri uku. Mai ya kan ƙare da yawa, bayan naman ya ƙone alhali cikinsa bai nuna ba, kuma a rasa romo. Ga yadda ya fi.

1. Ki yanka kazar ƙanana ƙanana, yadda kowa zai samu. In kin bi gaɓoɓi, kin raba ƙirji da baya, kaza ɗaya ta kan ba da yanka 12 ko fiye.

2. Ki sa a tukunya da albasa, da tafarnuwa, da citta, da ɗan masoro, da gishiri. Ki zuba ruwa ya sha kan naman. Kazar gida, balle tsohon zakara, tana da tauri, ta kan ci kusan awa guda. Kazar gidan gona ba ta kai rabin haka.

3. Ki ɗauki yanka mafi kauri, ki tsaga har ƙashi. In kin ga ja ko alamar jini, bai nuna ba, ki mayar. Sai ruwan da ke fita ya zama garau.

4. Ki tsame naman, ki bari ya tsane. Jiƙaƙƙen nama shi ke sa mai tsalle ya ƙona mutum.

5. Ki zuba man gyaɗa kaɗan a kasko. Ki jefa ɗan yankin albasa ki gani. In ya yi ƙara nan da nan, mai ya yi. In mai yana hayaƙi, wuta ta yi yawa, ki janye itace.

6. Ki soya kaɗan kaɗan, kada ki cika kasko, gama in ya cika sai mai ya huce, naman ya yi ta shansa. Da ya yi ja ki juya, ki kwashe. Tun da ya riga ya dahu, suyar ba ta daɗewa.

Man da ya ragu, ki bari ya huce, ki tace da tsabtataccen ƙyalle, ki rufe a kwalba, gobe ya shiga miya. Amma in ya yi baƙi, ko yana kumfa, ko ya sake wari, a zubar.

A kula da yara wurin murhu ƙwarai. In mai ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa masa ruwa, wutar tashi za ta yi ta bi mutum. A rufe kaskon da murfi, a janye itace.

ROMO SHI NE RABIN KAZA

Ruwan da ki ka dafa naman a ciki dukiya ne. Ki mai da kai da wuya da ƙafafu da baya cikinsa, ki kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa da daddawa. In kina so ta yi auki, ki yi taushe da kabewa da alayyafo da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko ki zuba zogale da dafaffen wake. Ta haka kaza ɗaya za ta ratsa tuwon gida duka, maimakon ta ƙare a kwanon mutum biyu.

Abincin da aka dafa ba ya son zama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin ɗaki. Mun sani gidaje da yawa ba su da firiji. To, a yanka kaza ran da za a ci ta. Abin da ya ragu a rufe shi saboda ƙuda, kafin a sake ci kuma a mai da shi wuta ya tafasa sosai. Ɗan ɗumi-ɗumi bai isa ba. Ƙaramin yaro kuwa sabon dafi ya kamata a ba shi.

WA ZAI FARA SAMU?

Nan ne maganar ta ke, mai gida kuwa da kai mu ke. Ƙundu naka ne, ba mu hana ka ba. Amma hanta a ba ƙaramin yaro, gama tana ƙara jini, tana taimakon ido. Jariri nonon uwa kaɗai ya ke bukata har wata shida. Daga nan sai a fara ba shi abinci mai laushi, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. A zare masa tsoka daga cikin dafaffen naman tun ba a soya ba, a cire ƙashi sarai, a daka, a haɗa masa da tuwo mai laushi da miya marar yaji. A sa masa a kwanonsa shi kaɗai, don in an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. Bayan yara, sai mai ciki da mai shayarwa, su da ke ciyar da rai biyu.

Wani zai ce, ai kazar nan ita ce asusunmu, ita mu ke sayarwa in larura ta taso. Gaskiya ne, ba mu ce a yanke kaji duka ba. Amma ka yi lissafi. In yaro ya kwanta, kaji nawa za ka sayar kafin ka biya kuɗin mota da na magani, ban da aikin gona da ya tsaya? Rigakafi ya fi magani.

In yanka kaza ya yi nauyi, ga ƙwai. Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In kaza ta yi ƙwai, a bar mata kamar goma ta kwanta a kai, cikin kwana 21 ta ƙyanƙyashe, sauran a dafa wa yara har gwaiduwa ta yi tauri. Da damina ga ƙwan zabi a wadace. Zancen wai ƙwai yana sa yaro sata, ko yana hana shi magana da wuri, camfi ne kawai. Yunwa ta fi ƙwai koya wa yaro ɗauke-ɗauke.

A TSARE KAJIN

Duk wannan ba ya yiwuwa in kaji suna ƙarewa kowane hunturu. Annobar nan da ke murɗe musu wuya, ta sa su zawo kore, likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil. Ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi, ana kuwa yinsa a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Ku haɗa kai da maƙwabta ku nemi malamin dabbobi tun sanyi bai shigo ba, gama kwalba ɗaya ta isa kajin gidaje da yawa. A gina musu akurki, kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane. A riƙa share kashinsu ana kaiwa gona, don kada mai rarrafe ya kai baki.

To, jama'a, ran da aka sake yanka kaza a gidanku, a fara cika kwanon ƙaramin yaro kafin a kai na zaure. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.