Kafin A Kira Taro, A Duba Masauki

Ran 11 ga Maris 2020 aka buɗe bikin kamun kifi na Argungu, bayan shekaru da dama ba a yi shi ba. A ranar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar korona ta zama annobar duniya. Kafin watan ya ƙare an hana fita a Legas da Abuja.

Mu mutanen Kebbe da Tambuwal maƙwabtan Argungu ne, mun san yadda garin yake cika lokacin biki. Otal-otal ba su isar baƙi. Mai hali ya nemi ɗaki a Birnin Kebbi, talaka kuwa ya raɓa gidan ɗan'uwa, a cunkushe a ɗaki guda.

A nan haɗarin yake, 'yan'uwa. Ajiye ruwa da sabulu a bakin fili abu ne mai kyau, amma ina amfaninsa idan da dare mutum goma suna shaƙar numfashin juna? Sanƙarau da ta addabi Sakkwato da Zamfara a 2017 ma cunkoso take so, musamman da zafin bazara.

Mu ma da laifinmu. A tarurrukan zumunta mukan jibge mata da yara a ajin makaranta, tagogi a rufe. Ba mu ce a daina biki ko taro ba. Amma kwamiti ya fara ƙirga ɗakuna kafin ya aika da takardun gayyata, ya ware ɗaki domin wanda zazzaɓi ya kama. Rigakafi ya fi magani.